Wuƙar Askin Itace Da Mutanen Da Ke Tara Ta

Cikin ɗabi'un da aka san Turawa da su tun da daɗewa akwai son tara tsofaffin kayayyaki. Wani kan sarki yake tarawa, watau 'yan takardun nan da ake liƙa wa ambulan, wani tsofaffin kuɗi, wani agoguna, wani kuwa takubba da bindigogin da aka yi yaƙi da su a zamanin da. Duk waɗannan mai karatu zai iya gane dalilinsu, domin ko ba komai akwai sunan sarki ko labarin yaƙi a tattare da su. Amma akwai waɗansu mutane a Ingila da Faransa da Jamus da Amurka waɗanda abin da suke bin kasuwannin gwanjo suna nema shi ne 'yar wuƙar aljihu mai lanƙwasasshen baki, irin wadda masu lambu ke yi wa itatuwa aski da ita. Wuƙa ce ta leburan gona, ba a taɓa rataya ta a fada ba, galibi ma in an same ta sai a tarar ta yi baƙi ƙirin, wasawa ta cinye rabin ruwanta. Duk da haka sai mutum ya biya kuɗi masu kauri ya saye ta, ya shafe ta da mai, ya shimfiɗa mata ƙyalle cikin akwati. Filin wannan mako zai duba abin da waɗannan mutane suka hango a jikin wannan wuƙa, da kuma dalilin da ya sa aikin nasu ya wuce shiririta.

Da farko dai ga siffarta. Ruwanta gajere ne mai faɗi, tsawonsa inci biyu da rabi zuwa huɗu, yana tafiya a miƙe daga gindi sa'an nan ya karkato wajen tsini kamar ƙaramin lauje, kaifin kuwa yana ta cikin lanƙwasar. Amurkawa sun sa mata sunan da ma'anarsa ita ce bakin shaho, Faransawa suna ce mata serpette, Jamusawa Hippe, Italiyawa kuma roncola. Ƙotarta ma a lanƙwashe take, ta kumbura daga ƙarshe, an kuma bar tsaga a tsakiyarta yadda ruwan zai ninke ya kwanta ciki, mutum ya jefa ta aljihu ba tare da bukatar kube ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ado. Mai lambu ba sara yake yi da ita ba. Yakan maƙala ta a bayan reshe, ya riƙe reshen da ɗaya hannun ta ƙasa da inda zai yanke, sa'an nan ya fizgo sau ɗaya. Lanƙwasar ita ke hana reshe zamewa, kumburin ƙota kuma shi ke hana wuƙar suɓucewa in hannu ya jiƙe da gumi.

Abin da ya sa ake wannan takatsantsan kuwa shi ne, a ƙasashen sanyi itatuwan marmari irin su tuffa da inabi ba sa ba da 'ya'ya na kirki sai an rage musu rassa kowace shekara, don iska da hasken rana su ratsa su, ƙarfin itacen kuma ya tafi ga 'ya'ya maimakon ganye. Kowane yanka miki ne a jikin itace. In ya fita sumul, a karkace yadda ruwan sama ba zai kwanta a kansa ba, sai ɓawo ya rufe shi da wuri. In kuwa an dagargaza wurin, to, an buɗe wa ruɓa da cuta ƙofa. Saboda haka a wajen mai lambu kaifin wuƙa da lafiyar itace abu guda ne.

Wannan wuƙa tana da ƙanne biyu waɗanda masu tarawa ke haɗa su da ita. Dukansu na aurar da itace ne, aikin da duk mai lambun mangwaro ko lemo a ƙasar Hausa ya san shi, ko da da reza yake yi. Ta farko ruwanta a miƙe yake, kuma gefe ɗaya kaɗai ake wasawa, ɗaya gefen a bar shi a shimfiɗe, don yankan ya fita daidai wa daida, fuskar reshen da aka ɗauko ta manne da ta uwar ba tare da rata ba. Shi ya sa ake ƙera ta iri biyu, ta mai dama da ta bahago. Ta biyu ita ce ta dashen ido, watau a cire ɗan idon toho daga itace mai kyawun iri, a tsaga ɓawon wani itacen kamar harafin T, a cusa shi ciki a ɗaure. Ƙarshen ƙotarta a fiƙe yake kamar harshe, da shi ake ɗaga ɓawon a hankali, kuma a da da ƙashi ko hauren giwa ake yin wannan harshe, domin baƙin ƙarfe yakan ɓata ɗanyar fatar nan mai danshi da ke tsakanin ɓawo da itace, wadda ita ce ke haɗewa in auren ya kama.

Asalin lanƙwasasshiyar wuƙa ya yi nisa ƙwarai. Wani marubucin Rumawa mai suna Columella, wanda ya rayu a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta babban littafi kan noma, a ciki ya bayyana wuƙar masu gonar inabi, ya raba ruwanta kashi 6, kowane kashi da sunansa da irin yankan da ake yi da shi. Ita waccan babba ce, ba ta ninkewa. Mai ninkewa ta bazu ne bayan da maƙeran Turai suka gwanance wajen sa sifirin a bayan ƙota cikin ƙarni na 17. A wannan ƙarni ne La Quintinie, shugaban lambunan marmari na Sarkin Faransa Louis na 14, ya kafa lambun sarki a Versailles tsakanin 1678 da 1683, kuma littafinsa da aka buga cikin 1690 ya yi dogon bayani kan askin itace da kayan yinsa. Daga nan askin itace ya zama ilmi mai zaman kansa, kowane babban gida a Turai ya nemi gadina wanda ya iya shi.

Abubuwa biyu suka faru a ƙarni na 19 waɗanda suka juya tarihin wannan wuƙa. Na farko, wajen 1815 wani tsohon ministan Faransa mai suna Bertrand de Molleville ya ƙago almakashin datse rassa. Tsofaffin masu lambu sun daɗe suna ƙinsa, suna cewa yana murje ɓawo, amma da yake ya fi sauri, kuma ko ɗan koyo zai iya aiki da shi ba tare da ya yanke yatsa ba, sannu a hankali sai ya ƙwace yawancin aikin. Wuƙa ta koma ta gwanaye, masu bin bayan almakashi ko zarto suna gyara bakin miki. Na biyu, cikin 1863 aka fara ganin gonakin inabi suna bushewa a kudancin Faransa, cikin 1868 wani masanin tsirrai mai suna Planchon ya gano wani ƙanƙanin ƙwaro ne da ya zo daga Amurka yake tsotse saiwoyin. Annobar ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa a Turai. Maganin da ya tsaya a ƙarshe shi ne a aurar da inabin Turai a kan gindin inabin Amurka, wanda saiwarsa ke jure ƙwaron. Miliyoyin itatuwa aka aurar ɗaya bayan ɗaya da hannu, da 'yar wuƙar nan mai kaifi gefe guda, har yau kuma yawancin gonakin inabi na Turai a kan gindin Amurka suke tsaye.

GARURUWAN MAƘERA

Duk wanda ya shiga wannan sha'ani, garin da zai fara jin sunansa shi ne Sheffield a arewacin Ingila. Allah Ya haɗa wa garin abubuwan da maƙeri ke bukata: koguna 5 masu gangarowa daga tuddai, watau Don da Sheaf da Porter da Loxley da Rivelin, waɗanda ke juya duwatsun wasawa, ga dutsen wasawar kansa a tsaunukan da ke kewaye, ga kuma kwal a ƙarƙashin ƙasa. Cikin 1624 majalisar dokokin Ingila ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin, ta ba ta ikon lura da 'yan koyo da kuma raba tambari, yadda kowane maƙeri zai buga alamarsa a jikin abin da ya ƙera, wani ba zai yi amfani da ita ba. Wajen 1740 kuma wani mai gyaran agogo, Benjamin Huntsman, ya gano hanyar narka ƙarfe cikin tukwanen yumɓu har ya fita tas ba gauraye. An ce da farko maƙeran garin sun ƙi shi don taurinsa, sai da suka ga Faransawa suna saye suna ƙera wuƙaƙen da suka fi nasu sa'an nan suka dawo.

Wuƙa guda a Sheffield ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Akwai mai dukan ruwa a kan uwar maƙera, akwai mai wasawa, akwai mai yanka ƙaho ko katako, sa'an nan mai harhaɗawa, wanda shi ke daidaita sifirin ya buga ƙusoshi. Da yawa daga cikinsu ba ma'aikatan kowa ba ne, kowa ya kama hayar ɗan ɗaki yana karɓar aiki daga manyan kamfanoni, mutanen garin suna kiransu da sunan da ke nufin ƙananan iyayen gida. Masu wasawa su suka fi shan wuya, don ƙurar dutse da ta ƙarfe tana shiga huhunsu, da yawansu ba su kai ga tsufa ba. Sunan da ake bugawa a jikin wuƙar kuwa na kamfani ne: Joseph Rodgers mai tambarin tauraro da gicciye, George Wostenholm mai tambarin I*XL, George Ibberson mai tambarin goge irin na Turawa, da kuma Saynor, wanda ya yi suna musamman kan wuƙaƙen masu lambu. Akwai ma wata siririya da aka ƙera don itacen fic, wani ɗan marmari da gidajen attajiran Ingila ke rainonsa a jikin katanga mai fuskantar rana, ita ma masu tarawa suna nemanta ido rufe.

A Faransa garin Thiers ne ke riƙe da wannan matsayi, daga can mafi yawan wuƙaƙen ƙasar ke fitowa. Kogin Durolle ne ke juya duwatsunsu, masu wasawarsu kuwa rub-da-ciki suke aiki a kan katako, dutsen yana juyawa ƙarƙashinsu cikin ruwan sanyi, kowa da karensa kwance a kan ƙafafunsa yana ɗumama shi. Ƙurar dutsen tana rina musu gaban riga, har aka yi musu laƙabi da masu rawayan ciki. Can gabas kuma, cikin tsaunukan Savoie, wani saurayi ɗan maƙera mai suna Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa cikin 1890, mai ƙotar katako guda ba sifirin. Cikin 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12, cikin 1909 ya yi rajistar tambarinsa na hannu da kambi a sama, cikin 1955 kuma aka ƙara mata zoben ƙarfe mai juyawa wanda ke kulle ruwan. Har yanzu kamfanin yana fitar da mai lanƙwasasshen baki don masu lambu, kuma arharta ta sa da ita sababbin masu tarawa da yawa ke farawa.

Jamusawa nasu garin shi ne Solingen, wanda sunansa ya yi tsada har sai da aka kafa doka cikin 1938 ta hana buga shi a jikin abin da ba a can aka ƙera ba. Daga can ne wuƙar Okapi ta fito cikin 1902, wadda aka ƙera don kasuwannin Afirka, kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu cikin 1988. Amma a wajen masu aurar da itace, sunan da ya fi girma shi ne Tina, na garin Reutlingen, mai ƙotar katakon gyaɗar Turawa. A Italiya akwai Scarperia, inda maƙeran wuƙa suka rubuta dokokin sana'arsu tun 1538, da kuma Maniago a arewa. A Amurka kuwa kamfanin Case na jihar Pennsylvania ya daɗe yana ƙera mai bakin shaho, ko da yake can ta bar lambu ta shiga hannun masu aikin lantarki da masu yanka leda da igiya.

YADDA AKE KARANTA WUƘA

In gwanin tarawa ya ɗauki wuƙa, gindin ruwanta yake fara dubawa, daidai inda ya shiga ƙota, don nan ake buga tambari. Daga nan yake ƙiyasta shekarunta. In ya ga harafin V da R da kambi a tsakaninsu, ya san zamanin Sarauniya Biktoriya ne, tsakanin 1837 da 1901. In W da R ne, to, na Sarki William na 4 ne, tsakanin 1830 da 1837. Cikin 1890 Amurka ta kafa dokar kwastan wadda ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kowane kaya kafin ya shiga kasuwarta, daga 1891 maƙeran Sheffield suka fara ƙara sunan Ingila a ƙarƙashin sunan garinsu. Saboda haka wadda ke ɗauke da sunan gari kaɗai ana kyautata zaton ta girmi wannan shekara, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba, tun da wadda aka yi don kasuwar gida ba dole ne ta bi dokar Amurka ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa Harry Brearley ne ya gano shi a Sheffield cikin 1913, don haka duk dillalin da ya ce wuƙa mai irin wannan ƙarfe ta zamanin Biktoriya ce, ƙarya yake yi ko kuwa shi ma an cuce shi. Kamfanin Case ya sauƙaƙa wa nasa masu tarawa: cikin 1970 ya buga ɗigo 10 a ƙarƙashin tambarinsa, kowace shekara yana rage ɗaya, har ya rage saura ɗigo guda a 1979.

Bayan tambari sai ƙota. Mafi daraja a wajen yawancinsu ita ce ta ƙahon wata irin babbar barewa ta Indiya, don kaushinsa yana riƙe hannu, kuma babu ƙaho biyu masu zane iri ɗaya. Akwai ta ƙahon bauna, akwai ta ƙashin saniya da aka sassaƙa aka rina don ta yi kama da ƙahon barewa, akwai ta baƙin katako mai nauyi. Sa'an nan akwai ta hauren giwa, wadda a nan ne labarin wannan wuƙa ya taɓa Afirka ta hanyar da ba ta da daɗi. A ƙarni na 19 masana'antun Sheffield suna cikin manyan masu sayen haure a duniya, kamfanin Rodgers ma ɗaki guda ya keɓe a ƙarƙashin ƙasa don ajiye shi, kuma kowace farar ƙota da aka jera a kanti akwai giwar da ta faɗi dominta. Cikin 1989 ƙasashen duniya suka amince da hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa, Ingila kuma ta kafa tata dokar cikin 2018, wadda ta fara aiki cikin 2022, ta hana saye da sayar da kayan haure ko da tsofaffi ne, in banda 'yan kaɗan da dokar ta keɓe. Wanda ya gaji irin wannan wuƙa a can yana iya ajiye ta, amma kai ta kasuwa ya zama abin da zai jawo masa shari'a.

Daga nan sai ya buɗe ta ya rufe, yana saurare. Wuƙar da mai harhaɗawa ya yi wa aiki na gaskiya takan tafi sumul, ta ɗan tsaya a rabin hanya don kada ta datse yatsa, sa'an nan ta faɗa mazauninta da ƙara "ƙas". In ta buɗe, sifirin yakan kwanta daidai da bayan ƙota, ba tudu ba kwari, ruwan kuma ba ya girgiɗi. Samun haka a wuƙar da ta shekara ɗari shaida ce cewa wanda ya dafa ƙarfen sifirin ya san aikinsa. A ƙarshe sai ya dubi abin da aiki ya bari a jikinta. Ruwan 'ya'yan itace yakan rina baƙin ƙarfe ya zama toka-toka ko shuɗi-shuɗi, wannan rini kuwa yana kare ƙarfen daga jan tsatsa. Inda babban yatsa ke zama yakan lotsa ya yi sheƙi. Yadda kaifin ya ci ma yana nuna ko mai ita na dama ne ko bahago, mai haƙuri ne wajen wasawa ko mai gaggawa.

RAMUKAN DA KE KAN HANYA

Duk inda kuɗi suka shiga, 'yan damfara na biye. Akwai masu cire ruwa mai tambarin babban kamfani daga mataccen abu su dasa shi a wata ƙota, akwai masu buga sabon tambari a jikin wuƙar banza, akwai masu jiƙa sabuwa cikin ruwan tsami don ta yi kamar ta tsufa. Gwanaye sukan gane ta wajen duba kan ƙusoshi, ko an taɓa cire su, da kuma ko tsufan ruwa ya yi daidai da tsufan ƙota. Tsofaffin littattafan talla na kamfanoni, masu zanen kowace wuƙa da lambarta, su ne alƙalai a wannan shari'a, shi ya sa su ma ake tara su.

Amma ɓarnar da ta fi yawa daga masu kyakkyawar niyya take fitowa. Sabon shiga ya sami wuƙa baƙa, sai ya kai ta injin gogewa don ta yi ƙyalli, injin ya cinye tambarin, ya shafe rinin shekaru, ya daddaushe kusurwoyin da maƙeri ya fitar. Garin neman gira an rasa ido. Abin da masana ke yi bai wuce su cire jan tsatsa mai ci da ɗan mai da ƙyalle ba, su ɗiga mai a gaɓa, su ajiye ta inda babu laima. Akwai kuma wata irin roba ta farko-farko da ake kira seluloyid, wadda aka yi ƙotoci da yawa da ita tun daga ƙarshen ƙarni na 19. In ta fara lalacewa takan fitar da wani tururi mai tsami wanda ke cin ƙarfenta da na duk wuƙar da ke kusa, don haka a ware ake ajiye ta. Doka ma tana da nata: a Ingila, bisa dokar 1988, wuƙar aljihu da mutum zai iya yawo da ita ba tare da an tambaye shi dalili ba ita ce mai ninkewa wadda ba ta kulle, kaifinta kuma bai wuce inci 3 ba.

ABIN DA AKE CETOWA

Cikin 1851 aka yi babban bajekolin duniya a Landan, kamfanin Rodgers ya kai wata ƙasaitacciyar wuƙa mai ruwa 75, an zana hotuna a jikin ruwan, an sassaƙa ƙotar. Tana nan har yau ana kallonta a Sheffield, kamar jiya aka gama ta, domin ba a taɓa yanka komai da ita ba. A shekarun nan kuwa garin ya fitar da wuƙaƙen masu lambu waɗanda ba su ƙirguwa, amma mafi yawansu babu su. An wasa su har sun ƙare, ko sun faɗi cikin ciyawa ƙasa ta cinye. Haka abin yake ko'ina: kayan ado da na sarauta suna samun mai adana su, kayan aikin talaka kuwa aikin ne ke cinye su. In aka bar tarihi ga abin da ya tsira da kansa, jikoki za su san abin da sarakuna suka rataya, su jahilci abin da aka ciyar da su da shi.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan a Sheffield shi ne Ken Hawley, wani mai kantin sayar da kayan aiki. Ya ga masana'antun garin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, saboda kaya masu arha daga ƙasashen waje sun cika kasuwa, ana kwashe kayan ɗakunan maƙera ana zubarwa. Sai ya riƙa bi yana tsincewa: wuƙaƙe, da waɗanda ba a gama ba, da masaba da magagari da aka ƙera su da su, da littattafan talla, yana kuma ɗaukar bayanin tsofaffin ma'aikata. Abin da ya tara ya haura guda 100,000, cikin 2010 aka buɗe masa zaure na musamman a gidan tarihi na Kelham Island, ya rasu cikin 2014. A wannan gidan tarihi ne kuma Stan Shaw, ɗaya daga cikin na ƙarshen ƙananan iyayen gidan nan, ya yi aikinsa na ƙarshe. Ya shiga koyo a kamfanin Ibberson yana ɗan shekara 14, ya yi kusan shekara 80 yana harhaɗa wuƙa da hannu, ya rasu cikin 2021 yana da shekara 94. 'Yan tsirarun matasan da ke koyon sana'ar a yau, tsofaffin wuƙaƙen da masu tarawa suka ajiye suna cikin malamansu, don a jikinsu ake ganin yadda aka daidaita sifirin da yadda aka fitar da lanƙwasa.

Abin da ya ba Turawa damar yin wannan duka shi ne tambari da rubutu. Maƙerin Sheffield ya buga alamarsa, ƙungiyarsa ta rubuta ta a littafi, shi ya sa bayan shekara 200 ake iya cewa gidan wane ya yi wannan. Maƙerin ƙasar Hausa gwani ne shi ma, amma galibi ba ya sa suna a jikin lauje ko magirbi ko gizago ko askar wanzami, in sun tsufa kuma sai a mayar masa ya sāke su, ko a auna wa 'yan gwangwan a kilo. Siffar lauje ta wannan yanki dabam take da ta wancan, kuma akwai dalilin kowace lanƙwasa, amma masu sanin dalilin suna ta raguwa. Wanda duk ke da irin wannan tsohon ƙarfe a rumbu ko bayan ɗaki ba ya bukatar kuɗi kafin ya yi abin da Hawley ya yi. Ya share shi da ɗan man gyaɗa, ya nemi dattijon da ya san shi tun yana da rai, ya rubuta a takarda sunan maƙerin da garinsa, da sunan wanda ya yi aiki da shi, da irin aikin da aka yi, ya ɗaura takardar a jikin ƙotar, ya ajiye inda ruwa ba ya zuba.